Hannun Wa Ya Cire Allon?

Yau zan ɗan sauka daga kan layin da muka saba, maganar fim zan yi. Kada wani ya ce na rasa abin faɗa ne, a dai yi haƙuri a bi ni a hankali.

A hutun da ya wuce 'yar ƙanwata ta zo mana kwana biyu. Yarinya ce 'yar aji biyar a sakandare, ajin kimiyya, irin yaran nan da idan suka riƙe biro da takarda har mantawa suke da abinci. Ta ce malamarsu ta lissafi ta ce su nemi wani fim na Amurka mai suna Hidden Figures su kalla. Na nemo mata, muka zauna da daddare muka kalla tare a kwamfuta. Da aka zo wani wuri sai na ga ta miƙe tana tafi. Wurin shi ne inda shugaban ofis, wani Bature mai suna Al Harrison, ya ɗauko dogon ƙarfe ya yi ta dukan allon da aka kafa a ƙofar banɗakin baƙaƙen fata har ya faɗo ƙasa, ma'aikata sun yi cirko-cirko suna kallo, ya ce daga yau kowa ya shiga inda ya ga dama.

Washegari muna karyawa na tambaye ta, a duk fim ɗin ina ne ya fi burge ki? Ko tunani ba ta tsaya yi ba ta ce, "Kawu, ai inda Ogan nan ya fasa allo."

Wannan amsa ita ta hana ni sakat. Domin shi wannan Oga babu shi. Ba a taɓa yin wani Al Harrison a NASA ba, marubutan fim ne suka ƙaga shi suka ba Kevin Costner ya hau. Ba a kuma taɓa yin ranar da wani shugaba ya ɗauki ƙarfe ya kayar da allon banɗaki ba. Fim ɗin da aka yi domin a fito da mata uku baƙaƙe da tarihi ya binne, yarinya ta kalle shi daga farko har ƙarshe, abin da ya zauna mata a rai shi ne jarumtakar namiji farar fata wanda ko haihuwarsa ba a yi ba.

Bari na fara da yabo, don yabon gwani ya zama dole. Fim ɗin ya fito a ƙarshen 2016, Theodore Melfi ne ya ba da umarni, an kuma ɗauko shi daga littafin Margot Lee Shetterly, wadda ita kanta a Hampton ta jihar Bajiniya ta tashi, mahaifinta ma'aikacin cibiyar Langley ne inda abin ya faru. Kafin wannan littafi da wannan fim, mutum nawa ne a duniya suka san sunan Katherine Johnson, ko Dorothy Vaughan, ko Mary Jackson? An kashe wajen dala miliyan 25 a kansa, ya kawo sama da miliyan 200, wato ya ƙaryata masu cewa ba a sayen labarin mata baƙaƙe masu lissafi. A bikin Oscar na 2017 aka turo Katherine kan dandali a keken guragu tana da shekara 98, duk zauren ya miƙe tsaye. Ni ban raina wannan ba, kuma ba zan hana kowace yarinya kallonsa ba.

Amma ga abin da ya faru na gaskiya, ku auna da kanku.

A wancan zamani "kwamfuta" sunan aiki ne na mutum. Mata ne ake ɗauka su zauna da takarda da na'urar lissafi ta kan tebur suna warware alƙaluman da injiniyoyi suka kawo daga gwajin jiragen sama. Baƙaƙen mata sun fara shiga Langley a 1943, kuma ba don wani shugaba ya ji tausayinsu ba. A 1941 wani jagoran ƙungiyar ƙwadago, A. Philip Randolph, ya yi barazanar tara dubban baƙaƙen fata su yi tattaki zuwa Washington. Shugaba Roosevelt ya ga abin ba na wasa ba ne, ya sa hannu kan umarni mai lamba 8802 da ya hana nuna bambancin launi wajen ɗaukar aiki a masana'antun tsaro. Ga kuma yaƙin duniya ya kwashe maza, ana neman hannu ido rufe. Ta wannan ƙofa su Dorothy Vaughan suka shiga. Matsin lamba ne na mutanen da suka haɗa kai ya buɗe ta. Da suka shiga sai aka ware su a ɓangaren yamma na cibiyar, ofishinsu daban, banɗakinsu daban, teburin cin abincinsu daban.

To, a kan wannan tebur na cin abinci akwai wani ɗan kwali da aka rubuta cewa nan ne wurin baƙaƙen masu lissafi. Cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar mata, Miriam Mann. Ita ce ta ga ba za ta iya cin abinci wannan kwali yana kallonta ba. Sai ta ɗauke shi ta jefa a jakarta. Bayan 'yan kwanaki a kawo sabo, ta sake ɗaukewa. A sake kawowa, ta sake sakawa a jaka. Mijinta yana ja mata kunne cewa wata rana wannan abu zai ci aikinta, ba ta fasa ba. Haka aka yi ta yi, ita da wani hannu da ba ta taɓa ganin mai shi ba, har aka wayi gari mai kawo kwalin ya gaji ya daina.

Ku duba fa. Akwai allo na gaske, akwai wadda ta cire shi da gaske, a cikin shekarun 1940, a jihar da wariya take doka, lokacin da hakan zai iya raba ta da abincinta. Labarin yana cikin littafin da aka yi fim ɗin da shi, ba wai sai an tona ba. Masu fim suka karanta, suka ajiye Miriam gefe, suka ɗauki cire allo suka damƙa wa Kevin Costner. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Maganar gudun banɗaki ma haka take. A fim an nuna Katherine tana sheƙa gudu kusan rabin mil da takalmi mai tsini, rungume da fayil, wani lokaci cikin ruwan sama, don ta kai banɗakin baƙaƙe, har ranar da ta fashe da kuka da faɗa a gaban Oga, shi kuma zuciyarsa ta karye ya je ya ɗauko ƙarfe. Katherine ta gaskiya ba ta yi wannan gudu ba. Da aka tura ta ɓangaren da fararen fata suke, banɗakin da ke kusa da ita kawai take shiga. An daɗe kafin wani ya ce mata ba nan ne nata ba, da aka faɗa kuma ta yi kunnen uwar shegu ta ci gaba da abinta, aka gaji aka ƙyale ta. Ba ta nemi izini ba, ba ta jira a cece ta ba. Wadda ta sha wulaƙancin banɗaki ita ce Mary Jackson, ranar da ta tambayi wasu fararen mata ina ne bayi suka kwashe da dariya, wai su ina za su san inda nata yake. Ta fito a fusace ta ci karo da wani injiniya, Kazimierz Czarnecki, ya tambaye ta lafiya, ta zazzage masa duk abin da ke cikinta ba tare da ta tauna ba. Maimakon ya kai ƙararta sai ya ce ta zo ta yi aiki da shi, daga baya kuma shi ya ƙarfafa mata gwiwa ta yi karatun zama injiniya.

Kun ga ke nan akwai fararen fata da suka yi abin kirki, da sunayensu na gaskiya. Akwai Czarnecki. Akwai Ted Skopinski, wanda suka rubuta rahoton bincike tare da Katherine a 1960, karo na farko da sunan mace ya hau kan rahoto a sashensu. Amma irin taimakonsu ba mai ƙara ba ne, babu ƙarfe babu tafi. Mace ce ke gaba tana turawa, su kuma suka ƙi tare mata hanya. Wannan bai ishi masu fim ba.

Haka aka yi da ƙarshen labarin. Gaskiya ne John Glenn, kafin ya shiga kumbo ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, ya nemi Katherine ta bi lissafin da na'urar IBM ta fitar da hannu, ya ce idan ta ce daidai ne zai tafi. Wannan ya faru. Sai dai kwana ɗaya da rabi ta yi tana aikin, tun kafin ranar tashi, ba 'yan mintoci ba kumbo na jira kamar yadda aka nuna. Wannan ban damu da shi ba, fim ne. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya: ta kawo takardar a guje, aka rufe mata ƙofar ɗakin sarrafa kumbo a fuska, sai ga Oga ya buɗe ya miƙo mata katin shiga. Wannan ma ƙage ne. Katherine ba ta shiga wannan ɗaki ba, tana can ofis a Langley ta bi tashin kumbon a talabijin. Wato sau biyu ana ƙirƙiro ƙofa don kawai a sami wanda zai buɗe ta.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini. Fim ai ba littafin tarihi ba ne. Awa biyu gare ka, dole ka matse shekara ashirin, dole ka haɗa mutum biyar su zama ɗaya. Na yarda, ɗari bisa ɗari. Fim ɗin ya nuna Dorothy Vaughan tana fafutukar zama shugabar sashe a 1961, alhali tun 1949 take riƙe da sashen. Ya nuna Mary Jackson tana neman zama injiniya a lokacin, alhali ta zama tun 1958. Ya nuna sashen baƙaƙe a ware a 1961, alhali an rushe shi a 1958 da aka kafa NASA. Duk wannan na yafe, matse lokaci ne, ko mai ba da tatsuniya yana yi. Amma matse lokaci daban, sauya mai aiki daban. Idan ka ce abin da ya faru ranar Talata ya faru ranar Laraba, ba ka cuci kowa ba. Idan ka ce abin da Hauwa ta yi Audu ne ya yi, ka yi wa Hauwa sata, ko da kuwa hotonta ne a bangon littafin.

Da 'yan jarida suka matsa wa daraktan a kan wannan, amsar da ya bayar ita ce, a taƙaice, ana buƙatar a ga farar fata ma yana yin abin da ya dace, kuma wa ya damu da wanda ya yi muddin an yi. To ni na damu. Yarinyar da ke zaune kusa da ni ta damu ko ba ta sani ba. Domin abin da ta koya a wannan dare shi ne: ki iya lissafi, ki yi haƙuri, ki sha wahala har kukanki ya kai kunnen mai iko, shi zai gyara miki. Abin da rayuwar waɗannan mata ta koyar kuwa wani abu ne dabam. Katherine ta yi ta tambaya a bar ta ta shiga taron da injiniyoyi ke tattauna rahotanni, ana ce mata mata ba sa shiga, tana tambaya ko akwai dokar da ta hana, ta yi ta maimaitawa har suka gaji suka ce ta shigo. Dorothy ta hango na'ura za ta cinye aikinsu, ta koyi harshen kwamfuta na FORTRAN ta kuma ja matanta suka koya. Mary ta kai takarda ga hukumar birnin Hampton tana neman a bar ta ta shiga ajin dare a makarantar fararen fata, aka ba ta. Wanne darasi kuke so 'yarku ta ɗauka?

Wannan ita ce matsalata da yadda ake maganar wakilci a finafinai. An mayar da shi ƙidayar fuska. Mata nawa ne a fosta, baƙaƙe nawa, 'yan Asiya nawa. Ni tambayar da nake yi ita ce, idan aka zo wurin da labari ya juya, hannun wa aka nuna yana juya shi?

Ɗauki Oppenheimer na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2023 ya kwashe Oscar bakwai. Awa uku cur, masana kimiyya maza sun cika shi maƙil har mutum ya kasa riƙe sunayensu. Duk labarin bam ɗin ya taso ne daga gano cewa ana iya tsaga ƙwayar zarra ta yuraniyom. Wa ya fara fahimtar cewa abin da ya faru ke nan? Lise Meitner, 'yar Ostiriya mai asalin Yahudawa, wadda ta yi shekara kusan 30 tana aiki da Otto Hahn a Balin kafin ta tsere wa 'yan Nazi a watan Yulin 1938 ta koma Suwidin. Hahn da Fritz Strassmann sun yi gwaji sun sami sakamakon da ya ɗaure musu kai, Hahn ya rubuta mata wasiƙa. Ita da ɗan 'yar uwarta Otto Frisch suka zauna a hutun Kirsimeti suka yi lissafin, suka bayyana abin da ke faruwa da irin ƙarfin da ke fita, aka buga a farkon 1939. Kyautar Nobel ta 1944 Hahn kaɗai aka ba. Da aka gayyace ta aikin bam ta ƙi, ta ce ba ruwanta da bam. A fim ɗin da ke ta nanata nauyin da ke kan lamirin masanin kimiyya, ga wadda ta fahimci abin tun farko ta kuma ce a'a, amma ba a ga fuskarta ba ko na minti ɗaya.

Haka Chien-Shiung Wu, 'yar Sin da ta yi digirin digirgir a Berkeley a 1940, a daidai wurin da daidai lokacin da fim ɗin ya daɗe yana nunawa. Ta shiga aikin bam ɗin a 1944, bincikenta ya taimaka aka gano dalilin da ya sa tukunyar nukiliya ta Hanford ke mutuwa da kanta bayan an kunna. Ita ma daga baya gwajinta ne ya tabbatar da hasashen da ya ba maza biyu Nobel a 1957, ita ko oho. Babu ita a fim. An dai nuna Lilli Hornig, masaniyar sinadarai, ta yi 'yan maganganu ta wuce. Matan da aka ba lokaci sosai su ne matar Oppenheimer da farkarsa. Wani zai ce ai fim ɗin na mutum ɗaya ne, ta idonsa ake kallo. Haka ne. Amma an sami wurin saka maza wajen ashirin da ba su fi jimla biyu ba a baki.

Sai kuma ɗaya gefen, don kada a ce na kama ɓangare. Akwai masu gyaran da ya fi ɓarna. A 2019 an yi The Aeronauts, kan tafiyar da masanin yanayi James Glaisher ya yi a balan-balan a Ingila a 1862, ya hau sama fiye da yadda kowa ya taɓa hawa a lokacin. Wanda ya tuƙa shi Henry Coxwell ne. Da suka yi nisa Glaisher ya suma, hannuwan Coxwell suka sandare don sanyi, da haƙori ya ja igiyar da ta sauko da su. Masu fim suka goge Coxwell gaba ɗaya suka ƙirƙiro wata mata, Amelia, suka ba ta jarumtakarsa, wai don a sami wakilcin mata. Haba! Wannan ma ai satar ce, an dai juya ta ne. Kuma cin fuska ne ga mata, don yana nufin sai an yi musu aron tarihi. Ga Sophie Blanchard ta Faransa, mace ta gaske da ta yi suna da tuƙa balan-balan har ta mutu a cikinsa a 1819. In mace kuke so, ku yi nata mana. Abin da ya haɗa wannan fim da Hidden Figures shi ne duka biyun sun ɗauka cewa abin da mata suka yi na gaskiya bai kai a kalla ba sai an yi masa ciko.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, ga namu misali. Mission Mangal na 2019, kan kumbon da Indiya ta harba zuwa duniyar Mars a Nuwamban 2013 ya isa a Satumban 2014, ƙasa ta farko da ta yi nasara a gwajin farko, da kuɗin da bai kai na shirya fim ɗin Gravity na Amurka ba. Mata sun riƙe manyan muƙamai a wannan aiki, irin su Ritu Karidhal da Nandini Harinath. Fim ɗin ya tara jarumai mata har biyar, ciki da Vidya Balan, an yi ta tallarsa a matsayin labarin mata. Amma ku nemo fostar ku gani. Kan Akshay Kumar shi kaɗai ya kusa cinye rabi, matan an jera su ƙanana a gefe. Mu dai mun san ma'anar girman kai a fosta, ba sai an fassara mana ba. Da aka yi surutu, amsar da ta fito daga masana'antar ita ce shi ne ke kawo kuɗi. Sannan babbar dabarar da ta ceci aikin, a fim, daga ina ta zo wa Vidya Balan? Daga kicin. Tana kallon ana suyar puri, aka kashe wuta mai ya ci gaba da suya, sai ta gano yadda za a yi tattalin man kumbo. An yi dariya, an ji daɗi. Ni kuwa na ce, namiji idan zai yi tunani a fim allo ake ba shi da alli, mace kuwa sai an kai ta gaban kasko. Matan da suka yi wannan aiki shekaru suka yi suna karatun lissafi da kimiyyar sararin sama.

Kuma abin haushi, ba labarai ne suka yi ƙaranci ba. An yi Marie Curie a 1943, an sake a 2016, an sake a 2019, kamar ita kaɗai ce mace da ta taɓa shiga ɗakin gwaji. Ta cancanta, Nobel biyu ba wasa ba. Amma ga Alice Ball, baƙar fata a Hawaii, wadda ta gano yadda za a sarrafa man wani itace ya zama allurar kuturta, ta rasu a 1916 tana da shekara 24, shugaban kwalejinta ya ci gaba da aikin aka laƙaba masa sunansa, sai bayan shekaru aka dawo mata da haƙƙinta. Abin da ta samu shi ne ɗan gajeren fim a 2020. Ga Tu Youyou ta Sin, wadda ta tono maganin artemisinin daga tsoffin littattafan magungunan gargajiya, ta fara gwada shi a jikinta, ta sami Nobel a 2015. Duk wanda ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro na zamani a gidajenmu ya ci albarkacinta, ko ya san sunanta ko bai sani ba.

Abin mamaki, inda na ga an yi abin da nake nema a nan gida ne. Fim ɗin 93 Days na Steve Gukas, shi ma 2016, kan shigowar cutar Ebola Legas. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ba shi da lafiya, aka kai shi asibiti. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata cewa ana jiransa a taron ECOWAS a Kalaba. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, a birnin da ke da mutane sama da miliyan goma sha biyar, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. Fim ɗin yana da nasa rauni, wani wuri yana jan ƙafa. Akwai Danny Glover a ciki, babban suna daga Amurka, akwai kuma likita Bature na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka nuna aikinsa yadda ya kamata. Da sun ga dama da sun ba ɗayansu wurin da aka ce "ba za a sallame shi ba". Ba su yi ba. Bimbo Akintola, wadda ta fito a matsayin Adadevoh, ita ta tsaya a bakin ƙofa, domin ita ce ta tsaya a gaske. An kuma nuna Justina Ejelonu, ma'aikaciyar jinya da ta rasu, da Dakta Ada Igonoh da ta kamu ta warke, kowacce da sunanta da abin da ta yi. Da ɗan kuɗin da bai kai na abincin ma'aikatan wani fim na Hollywood ba aka yi wannan.

Ranar da 'yar ƙanwata za ta koma na zaunar da ita na ba ta labarin Miriam Mann da jakarta. Na gaya mata Miriam ta yi aiki a Langley fiye da shekara 20, ta rasu a 1967, kuma jikarta Duchess Harris farfesa ce yanzu a Amurka, ta yi rubutu a kan kakarta da sauran matan. Ta yi shiru tana juya cokali a kofi. Can ta ce, "To Kawu, me ya sa ba su saka wannan ba? Ai ya fi na Ogan daɗi." Na ce mata ta tambayi malamarsu idan an koma, ta kuma gaya wa 'yan ajinsu. Ta ce za ta faɗa, amma ita fa har yanzu tana son wurin da aka fasa allon.